Birkin da ke Gefena

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidan da yara da jikoki. Yaya ƙafar? Ina fata kumburin ya ragu. Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Maman yara tana gaishe ki, Auta ma ta ce a miƙa gaisuwarta ga Gwaggonta.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da ko saƙon waya ba ya son rubutawa. Dalili shi ne kunnenki da waya sun daina shiri. Kiran da na yi miki na ƙarshe, ina ta ɗaga murya har maƙwabta suka san halin da gidanmu yake ciki, ke kuma kina ta amsa mini da amin alhali ba addu'a nake yi ba. Maganar da ke tafe da ni kuwa ba ta ihu ba ce.

Yaya, mafarki ne ya hana ni sakat. Guda ɗaya ne, amma ya maƙale mini kamar ɗan haya da ya ƙi tashi. Ina ganina a cikin motar da nake koyar da tuƙi da ita, ina zaune a kujerata ta kullum, gefen direba. Kin dai san irin motocinmu, akwai birki na biyu a ƙarƙashin ƙafar malami, haɗe da na ɗalibi, don in ɗalibi ya rikice mu tsayar da motar kafin a yi ɓarna. To a mafarkin Auta ce riƙe da sitiyari, hanyar kuma gangara ce doguwa, ba gida ba mutane. Motar sai ƙara gudu take. In kai ƙafa in taka birkina, sai in ji wayam, ba komai sai shimfiɗar roba. In sake takawa, in sake, har in farka zuciyata tana bugawa.

Wadda ta fi shan wahalar mafarkin nan ita ce Maman yara, don ƙwaurinta nake takawa. Yanzu ta jera filo tsakaninmu. Ta ce ita ba mota ba ce, kuma ko da mota ce, ta wuce shekarun da za a koyi tuƙi da ita.

Ga abin da ya sa ban ɗauki abin da wasa ba. Kin san Auta ta gama karatun jinya. To wata ƙungiya ta ɗauke ta aiki a asibitin tafi-da-gidanka, irin wanda ake zagaya ƙauyuka da magani a mota, can nesa da mu. Sharaɗinsu ɗaya ne, ita za ta tuƙa motar da kanta, don haka sai ta kawo lasisi kafin ƙarshen watan gobe, in ba haka ba a bai wa wata. Yarinyar nan tana son aikin nan kamar ranta. Amma sau biyu tana zuwa gwaji tana faɗuwa, kuma duk biyun abu ɗaya jami'in ya faɗa, wai ba ta taka birki a kan lokaci. Ni da na koya wa tsofaffi masu rawar hannu, na koya wa wani mahauci da bai san dama da hagu ba sai da na ɗaura masa zare a wuyan hannu, duk suka karɓi lasisinsu, 'yar cikina ce ta gagare ni. A gabana tana tuƙi sumul, in ta je can sai ta zama wata. Ta dawo tana kuka, ta ce ita dai ba ta da kan tuƙi.

Ki haɗa wannan da mafarkin ki gani. Ni dai a ganina gargaɗi ne. Na kai motar gareji, bakanike ya kwance birkin ya mayar, ya ce lafiyarsa ta fi tawa. Maman yara ta ce cika ciki ne kafin kwanciya. Wani ɗalibina ya ara mini ɗan littafin fassarar mafarki, a shafi ɗaya an ce mota mai gudu arziki ne, a wani shafin an ce gangara asara ce. Mota mai gudu a gangara kuwa, marubucin bai kai nan ba.

Tun bayan rasuwar Inna, ke kike sauraron mafarkinmu da safe kina hura wuta. Don Allah ki faɗa mini kai tsaye, in gargaɗi ne in hana ta tafiyar nan tun da wuri, ko da za ta yi fushi da ni. Kada ki yi mini irin tambayoyin nan naki da ba sa ƙarewa, ba ni da haƙurinsu yanzu.

Ki gaishe da kowa da kowa. Allah ya ƙara miki lafiya.

Ƙaninki,
wanda ɗalibai suke kira Sannu-Sannu

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kin tashi lafiya, kuma jikin yana ƙara sauƙi. Na ji an yi wa jikarki ƙani, Allah ya raya. Mutanen gida duk suna gaishe ki.

Amsarki ta iso. Na roƙe ki kada ki yi mini tambaya, sai kika cika takarda gaba da baya da tambayoyi, ko layi ɗaya na fassara babu. Halinki dai bai tsufa ba. Na ajiye takardar cikin fushi, na fita, na dawo, na sake ɗauka.

Kin tambaya ko a mafarkin motar ta faɗi. Ban sani ba, ban taɓa kaiwa ƙarshen gangarar ba. Kin ce yaya fuskar Auta take, tana kuka ko tana ihu? Yaya, wallahi nan kika kama ni. Ban taɓa duban fuskarta ba. Malamin tuƙi ba ya kallon fuskar ɗalibi. Idonmu yana kan hanya, yana kan madubi, yana kan ƙafa. Shekara da shekaru ina wannan aiki, zan iya gane ɗalibaina ta takalmansu, amma wasu in mun haɗu a kasuwa sai sun gabatar da kansu. Ashe har a cikin barci aiki nake yi.

Sai shawararki ta ƙarshe, wai in mafarkin ya dawo kada in taka komai, in juya in dube ta. Yanzu fisabilillahi mutum yana ba kansa umarni yana barci? A farke ma ba kullum nake jin maganar kaina ba.

Na kuma yi wani shirme. Ran nan muna shan shayi da safe sai bakina ya suɓuce, na ba Auta labarin mafarkin. Ina tsammanin za ta yi dariya, sai ta ajiye kofin ba ta ƙarasa shayin ba. Da muka fita darasi sai ta yi ta kuskure wajen sa giya. Maman yara ta wanke ni tas. Ta ce yarinya tana fama da tsoronta, na ɗebo nawa na ƙara mata, kuma in ina da sauran mafarkai in riƙe abina ko in aika miki, tunda ke kina da lokacinsu.

Kwanakin nan ba na iya zama wuri ɗaya. In shiga ofis, in gyara kujerun da ba su karkace ba, in fito in goge gilashin motar da na riga na goge. Jiya na daka wa wata ɗaliba tsawa don ta manta sigina, baiwar Allah malamar makaranta ce mai furfura, ta dube ni ta saman tabarau har na ba ta haƙuri. Ƙafata ma ta fara ciwo, daga ƙwauri zuwa idon sawu, kuma na lura ya fi tsanani duk ranar da na fita da Auta. Maman yara ta ce alhakin ƙwaurinta da nake takawa ne.

Ga wani abin haushi. Akwai wani matashi da ya buɗe makarantar tuƙi a tsallaken titinmu, da wata jar mota, ni na sa masa suna Ɗan Gaggawa. Yana koyarwa rediyo a kunne, gwiwar hannu a taga, ƙafarsa ɗaya a naɗe kan kujera kamar mai jiran aski. Ɗalibansa suna tsayawa da ƙarar taya, ni kuwa nawa ko kofin ruwa ka ɗora a gaban mota ba zai zube ba. Shi ne ya tare ni a gidan mai, da ladabinsa har da rusunawa, ya ce ya ji labarin Auta, in ina so ya ɗan fita da ita. Na ce masa na gode, ba mu kai nan ba. Da na shiga mota sai da na zauna na huce kafin na tayar.

Lokaci yana tafiya, Yaya. An ba ta ranar gwaji na uku, kuma shi ne na ƙarshe kafin wa'adin ya cika. Ni har yanzu ina kan bakana cewa gargaɗi ne, sai dai tambayar nan taki ta fuskar Auta ta tsaya mini a rai.

Ki gaishe mini da mai jego. Sai na ji daga gare ki.

Ƙaninki,
Sannu-Sannu

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma fata kowa yana lafiya. Ki yafe mini gajeriyar gaisuwa, hannuna ne yake gaba da ni yau. Ban jira amsarki ba, don abin da ya faru ba zai jira ba.

Shekaranjiya da rana wani ɗalibi ya aiko cewa ba zai zo ba, sai na ja motar ƙarƙashin bishiyar da ke bayan ofis, na kwantar da kujera don in ɗan miƙe. Barci ya sace ni, mafarkin kuma ya biyo ni har nan. Ga gangara, ga gudu, ga ƙafata tana lalube. Ban san yadda aka yi ba, ko don na yi ta juya maganarki a raina ne, sai na ji wuyana ya juya. Na dube ta.

Yaya, ko a jikinta. Hannunta biyu a kan sitiyari, idonta a kan hanya, tana ɗan rera waƙa a ciki-ciki yadda uwarta take yi in tana ninke kaya. Babu tsoro a fuskar nan ko ƙanƙani. Duk motar ni kaɗai ne nake zufa. Ban ga ƙarshen hanyar ba, don wani mai tura kurar ruwa ya bugi jikin motar na farka, amma karon farko ke nan da na farka ƙafata ba ta harba komai ba.

Na zauna ina tunani har lokacin darasin Auta ya yi. Na ce a raina, to in a mafarki ita ba ta tsoro, tsoron na wane ne? Kuma in birkin da ya ɓace nawa ne, nata yana nan, me ya hana in gwada a farke? Da muka shiga mota sai na janye ƙafafuna biyu, na cusa su ƙarƙashin kujera, na harɗe su. Ban gaya mata ba.

Muka bi hanyar da muka saba, ta bayan kasuwa zuwa shataletale. Akwai wata motar burodi a gabanmu, ta rage gudu. Na ga ƙafar Auta ta hau birki, ta taɓa shi kaɗan, taɓawa irin ta mai gwada ruwan wanka, ta bar shi haka. Motar ba ta ragu ba. Bayan motar burodin yana ta matsowa, har ina karanta ƙananan rubutun da ke jikinta. Ƙafata tana fizga kamar za ta tsinke, na danne ta da ɗayar. Sai can Auta ta farga, ta taka da ƙarfi, taya ta yi ƙara, muka tsaya saura kamar tafin hannu. Motar ta mutu, na baya suna ta danna mana ham.

Ta sake tayarwa, ta gangara gefen titi tana haki, ta dube ni, ta ce, "Baba, birkin nan ya canza yau. Da ina taɓawa kaɗan yake shigewa da kansa, yau kuwa ya yi tauri kamar na ranar gwaji."

Yaya, sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Birki ba ya shigewa da kansa. Nawa da nata a haɗe suke, in na taka nawa nata yana sauka. Tun ranar da yarinyar nan ta fara zama a kujerar direba, ƙafata take riga tata, a hankali, yadda ita ba ta ji ba, ni ma ban ji ba. Sauran ɗalibai ina barinsu su kusa yin kuskure, su ji tsoro, su koya, sai in abu zai ɓaci nake sa ƙafa. Ita kuwa ban taɓa barin ta ta kai wurin tsoron ba. Ta koyi sitiyari, ta koyi giya, ta koyi ribas, amma nauyin tsayar da mota ba ta taɓa ɗaukarsa ita kaɗai ba. Ranar gwaji jami'i ya zauna a kujerata ya naɗe ƙafarsa, sai ta sami kanta a motar da ba ta sani ba. Ciwon ƙafar da nake ta ƙorafi a kai ma ga inda ya fito.

Kin san me na ce mata? Na ce wataƙila bakanike ne ya ɗaure shi da yawa. Ta gyaɗa kai, ta yarda, don ba ta saba jin ƙarya daga bakina ba.

Zan faɗa miki abin da ban faɗa wa Maman yara ba. A hanyar komawa gida wani tunani ya zo mini, kuma bai zo da mummunar fuska ba. In na yi shiru na mayar da ƙafata inda take, za ta je gwaji ta faɗi, wa'adi ya wuce, ta nemi aiki a asibitin da ke kusa da mu. Ba wanda zai ce na hana ta. Zan ci gaba da jin motsinta a ɗakin tsakiya, tana neman takalminta tana zargin kowa. Yayyenta duk sun watse, kowa da garinsa, ita kaɗai ta rage mana. Ba na son ta tafi, Yaya. Hatsarin da nake ta faɗa miki ina tsoro, gaskiya ne ina tsoronsa, amma na fi tsoron gidan nan in babu ita.

Yanzu na gane abin da ya sa na fi son ki ce gargaɗi ne. Da kin faɗa, da na ɗauki maganarki na kai mata, na ce ga abin da Gwaggonki ta gani. Kin ƙi ba ni, kin bar ni da kaina, kuma ban ji daɗin haɗuwar ba.

Ban yanke komai ba tukuna. Kwana biyu ke nan ina ce mata motar tana gareji, alhali tana bayan ofis a rufe. Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da iyali baki ɗaya. Saƙonki ya iso ta hannun direban da kika ba. Layi biyu kacal, kuma karon farko babu tambaya. Kin ce mafarkin ya gama nasa aikin, saura nawa. Na so in yi fushi ban sami dalili ba.

Na gaya mata. Na same ta a tsakar gida tana shanya fararen kayan aikinta, waɗanda ta saya tun kafin ta san ko za ta sa su. Na tsaya ina kame-kame, na yi zancen rana, na yi zancen igiyar shanya, har ta ce Baba lafiya dai. Sai na faɗa mata komai, daga ƙafar har tunanin da ya zo mini a hanya. Na so in ɓoye na biyun, amma na ga in na ɓoye shi ban faɗi komai ba.

Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. Ta ci gaba da matse rigar da ke hannunta har ruwan ya ƙare, sannan ta ce, "Sau biyu ina dawowa gidan nan ina cewa ni ce ba ni da kai, Baba, kana ba ni haƙuri." Can kuma ta tambaye ni ko da gangan na yi. Na ce mata na farkon ban sani ba, amma kwanakin da na yi ina ce mata mota tana gareji, wannan da sanina ne. Ta ɗauki bokitinta ta shige ciki.

Maman yara ba ta yi mini faɗa ba, abin da ya ƙara tayar mini da hankali ke nan. Ta dai ce ita ma ba ta son tafiyar, amma ita a ɗaki take kukanta, ba ta bi yarinya cikin mota da shi ba.

Washegari na wanke fuska, na sa hulata, na tsallaka titi zuwa wurin Ɗan Gaggawa. Yaya, titin nan ba shi da faɗi, amma ban taɓa jin nisansa irin na ranar ba. Na same shi yana wanke jar motarsa. Na ce masa maganar da ya yi mini a gidan mai, in tana nan, ina so. Yaron kirki ne ashe, bai tambaye ni dalili ba, bai yi murmushin da nake jira in ji haushinsa ba. Na ce masa abu ɗaya nake roƙo, ya naɗe ƙafarsa a kan kujera yadda ya saba.

Yanzu kullum da safe ina tsaye a tagar ofis, ina yi kamar ina duba takardu. Jar motar ta wuce, in ji ƙiiii a mararraba. Ranar farko ta hau kan dakalin gefen titi. Rana ta biyu ta tsaya tun da nisa, har wani mai babur ya zage su. Ɗalibin da ke jirana ya ce Malam ko mu fasa yau, na ga ƙafarka tana ta dukan ƙasa. Kwanan nan ƙarar ta ragu. Jiya na ga ta tsaya a danja daidai kan layi, ba tsalle ba ƙara, na juya in gaya wa wani, ba kowa a ofis ɗin sai ni.

A gida kuwa tana gaishe ni cikakkiyar gaisuwa, da rusunawa, da ina kwana Baba, an tashi lafiya. Ke kin san Auta, da ba ta gaisuwa sai ta haɗa da tsokana, ta ce tsohon direba yaya gwiwa. Ladabin nan nata yana ci mini rai fiye da zagi. Ban san ko za ta huce kafin ta tafi ba, ban ma san ko za ta tafin ba, don kwanakin da na ɓata mata ba kaɗan ba ne, gwajin kuma jibi ne.

Mafarkin bai dawo ba. Maman yara ta kwashe filon. Sai dai barcin ma ba wani na kirki nake yi ba. Ki yi mata addu'a ta ci, Yaya. Na rubuta wannan da hannuna, kuma na karanta shi na ga har zuciyata haka nake nufi.

Ki gaishe da maigidan, ki ce ina nan tafe in abubuwa sun lafa.

Ƙaninki,
Sannu-Sannu

*

Zuwa ga Yayata abar alfaharina,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan ƙafa ta warware, jariri kuma yana ƙara wayo. Mu nan lafiya, sai kewa.

Ta ci, Yaya. Uwarta ce Auta ta fara kira a waya, ni a bakin Ɗan Gaggawa na ji, ya tsallako titi da gudu hannunsa duk kumfa. Na ji zafin hakan, amma na san ni na jawo. Da yamma ta ajiye mini lasisin kusa da kofin shayina ta wuce. Na ɗauka na yi ta juya shi, hoton bai yi kyau ba ko kaɗan, ta fito kamar wadda aka tasa daga barci.

Jiya ta tafi. Tun shekaranjiya ta je ta karɓo motar aikin don ta loda kayanta, wata doguwar farar mota mai akwatunan magani a baya, ta fi tawa tsawo da faɗi nesa ba kusa ba. Shigowa da ita gida bai yi wuya ba, tunda da gaba ne. Fita kuwa sai da ribas, ƙofar gidanmu kuma kin san ta, an yi ta ne don ƙaramar mota, ga kwata a bakin titi.

Da safe aka gama lodi. Uwarta ta cusa mata abinci kamar can ba a dafa komai, suka rungume juna suka yi kukansu. Ni ta rusuna ta ce Baba zan tafi, na sa mata albarka. Ta shiga ta tayar. Na buɗe ƙofar na tsaya daga waje, daidai inda malami yake tsayawa ya ɗaga hannu yana cewa taho, taho, karya dama, tsaya. Maƙwabta ma sun fito, kowa yana jiran ya ga Sannu-Sannu ya fitar da 'yarsa.

Ta fara tahowa, tun daga nan na ga ta karya sitiyarin da wuri. Na san inda gefen motar zai je kamar yadda na san sunana. Kalma ɗaya ta isa. Hannuna ya tashi da kansa, sai na kama shi na mayar baya, na riƙe shi da ɗayan. Wani maƙwabci ya ce Malam yi mata magana mana. Na yi kamar ban ji ba. Ina kallo gefen motar ya goga ginshiƙin ƙofar, ƙuuu, a hankali, fentin ya zubo.

Ta tsaya cak. Ta madubi ta dube ni, ni ma na dube ta, fuskarta na duba ba taya ba. Na ƙara damƙe hannuna a baya. Ta ja numfashi, ta sa giya ta koma gaba, ta daidaita, ta sake tahowa tana duba madubin nan da wancan. Motar ta fito sumul, ta haye kwatar, ta miƙe a kan titi.

Na zata wucewa za ta yi. Sai ta sauke gilashi, ta leƙo ta dubi gogewar, doguwa ce ba laifi, daga ƙofar baya har kusa da fitila. Ta ce, "Ka gani tun ina can, ko?" Na ce na gani. Idonta ya ciko, sannan ta ce, "Na gode, tsohon direba. Ni zan yi musu bayani da kaina."

Ta sa sigina, duk da ba kowa a titin, ta tafi. Na tsaya har ta sha kwana. Maman yara ta taɓa ni ta ce to saki hannun naka mana, ta tafi. Sai a lokacin na ga farcena ya shiga fatar har ya yi shaida.

Ta kira da la'asar ta ce ta isa lafiya, kuma wannan karon wayata ta kira. Gidan ya yi mana girma, Yaya. Yau da safe na zuba shayi kofi uku, sai da na ɗauko na ukun zan miƙa na tuna.

Ki gaishe da kowa. Allah ya bar mana ke, ya saka miki da alheri.

Naki har kullum,
ƙaninki Sannu-Sannu